Wuni ɗaya a Jidda da tsohuwa, ina za mu kai ta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da mahaifiyata muna gab da kammala Umra, jirginmu kuma sai cikin dare zai tashi daga Jidda. Hajiya ta ce ita ba ruwanta da yawon kantuna, tsohon gari take son gani, don kakanta ta jirgin ruwa ya ƙetaro daga Sawakin ta ƙasar Sudan ya sauka a nan. Ga gwiwa na damunta. Ina ya kamata mu nufa?

Wani dattijo: Wa alaikumus salam. Allah Ya karɓi ibada. Hajiya ta san abin da take so, ku kai ta Al-Balad, shi ne tsohon garin. Tun zamanin Sayyidina Usman, shekara ta 26 bayan Hijira, Jidda ta zama mashigar Makka ta teku; kafin nan a Shu'aiba ake sauka. Gidajen unguwar da dutsen da ake haƙowa a bakin Bahar Maliya aka gina su, tagogin katako da ake kira rawashin sun leƙo kan lungu: iska ta shiga, matan gida su ga waje ba a gan su ba. In kun sami Gidan Nasif a buɗe ku shiga, nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya karɓi garin a 1925. Ganuwa kam kada ku neme ta. Don tsoron Turawan Fotugal aka gina ta, sun ma kawo hari a 1517 suka koma hannu rabbana, amma a 1947 aka rushe ta.

Wata 'yar'uwa: Baba ya gama magana. Nawa dai, kada ku kuskura ku fita da rana, gumin Jidda ba irin zafin Makka ba ne. Ku bari sai bayan La'asar, ku sauka a Bab Makka, wato Ƙofar Makka ta tsohon garin, ku tafi da kujera mai taya.

Wani matashi: Kabarin Nana Hauwa'u fa? Ai yana kusa.

Dattijon: Yaro, wannan faɗe ne kawai, babu ingantacciyar hujja. Ginin ma an daɗe da rushe shi, katangar maƙabarta za su tarar.

'Yar'uwar: In ta gaji, bayan Magariba ku zauna a bakin teku ku kalli ruwan Sarki Fahad yana tsiri sama. Wannan ko daga cikin mota ana gani.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya, ta ce kujerar ni zan hau.