Neman shawara: ta ina zan fara koya wa sababbin ma'aikata aiki a kilinik ɗin haƙori?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da lissafi da sha'anin ma'aikata a wani ƙaramin kilinik na haƙori nan Maradi, yayana ne likitan. Matar da ta daɗe tana taimaka masa a gefen kujera ta yi aure an kai ta Tawa, ga shi duk tsarin aikin a kanta yake, babu shi a takarda. Mun ɗauki mutum biyu: wata yarinya da ta gama lakwal ɗin lafiya, ta iya allura da wankin ciwo amma ba ta taɓa riƙe bututun zuƙe yawu ba, sai ɗan ƙanwar mahaifiyarmu da zai zauna wurin tarbar mutane. Dokta ba ya samun sukuni. In ta miƙo masa abin da ba shi ya nema ba sai ya ɗaga murya, ita kuma ta ƙara rikicewa. Muna cirewa, muna ciko, muna sa wa yara wayar daidaita haƙora. Ta ina zan fara? Kuma yaya ake yi kada a koya wa mutum aiki ya gudu?

Wata majo mai ritaya, unguwar Zariya: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ɗauke yarinyar nan daga gefen kujera tukuna, ki kai ta ɗakin wankin kaya. Wadda ta wanke kowane ƙarfe da hannunta, ta shanya, ta naɗe, ba za ta sake tambayar sunansa ba. Kayan hanya ɗaya suke bi: jiƙawa, gogewa da buroshi, ɗauraya, bushewa, naɗi, sannan injin kashe ƙwayoyin cuta. Mai datti ba ya komawa inda mai tsabta ya sauka. In otokilab gare ku, wato injin mai aiki da tururi, digiri 134 na minti 18. In pupinel ne, mai busasshen zafi, digiri 170 awa ɗaya, ko 160 awa biyu, kuma ana fara ƙirga ne bayan zafin ya kai, ba lokacin da aka rufe murfi ba. Kuran ya ɗauke a tsakiya? A sake daga farko, ko da mutane sun cika benci. Turbin kuwa, na'urar huda haƙori, ba ta shiga pupinel, ƙonewa za ta yi. Ki sayi rajista, duk zagaye ta rubuta rana da awa da zafi, ta sa hannu.

Abin da nake yi wa wannan naci, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da ranta a busasshen jini. Kafin ta taɓa kaya a gwada ta, a yi mata rigakafi: allura uku, ta farko, ta bayan wata guda, ta wata na shida. Ba a mayar wa allura murfi da hannu biyu. In ta soke ta, ta wanke da ruwa da sabulu ta faɗa nan take, don maganin kariya daga sida kafin awa 72 ake fara shi. Yarinyar da ke tsoron faɗan maigida ɓoyewa za ta yi, nan ne haɗarin yake.

Wani likitan haƙori daga Damagaram: Majo ta gama da wancan ɓangaren. Hajiya, nawa saƙon na yayanki ne. Ya ware rabin awa kafin a buɗe ƙofa, ko sau biyu a mako. Ya jera faranti na kowane aiki yadda yake so, ki ɗauki hoto da waya, a buga a liƙa cikin kabad: na cirewa daban, na ciko daban, na ɗaure waya daban. Ta haddace lambobin haƙora, 11 zuwa 48 na manya, 51 zuwa 85 na yara, don in an ce 36 kada ta rubuta 46, dama da hagu ke nan. Sai aljinat, garin da ake kwaɓawa don ɗaukar awon baki: a zafin Afrilu irin namu, in aka kwaɓa da ruwan famfo kafin a kai baki ya daskare. Ruwan sanyi za ta riƙa ajiyewa, kuma a zuba filasta cikin awon nan da nan, in awon ya jira sai ya motse. Aiki ɗaya ta gani, ta yi a gabansa, sannan a wuce na gaba. Faɗa gaban maras lafiya kuma ya daina, mutane suna lura.

Wani ɗan kasuwa: Ni dai shawarata ku karɓe takardar diflomarta ku ajiye har shekara biyu. Haka muke yi wa yaran shago.

Wata akanta: Alhaji ka yi haƙuri, ban yarda ba. Wadda aka riƙe da takarda jikinta ne kawai ke wurin, kuma rigima ce da sufeton ƙwadago. Hajiya, ki rubuta kwantiragi da lokacin gwaji a ciki, ki yi musu rajista a CNSS, asusun fanshon ma'aikata, albashi ya fita kan lokaci. Mafi ƙarancin albashi tun Janairun 2024 jaka 42 ne, amma wadda ta iya wankin kaya da awon baki ba za ta zauna a kan wannan ba. Ki gaya mata tun yau: ran da ta riƙe ɗakin wanki ita kaɗai, ga ƙarin da za ta samu. Sannan komai ta koya a rubuta, don aure ba ya sallama.

Wata mai tarbar marasa lafiya: Kowa ya manta da yaron. Anti, ɗan uwa ya fi bare wuyar gyara, sai ki zaunar da shi gaban mahaifiyarsa ki faɗi lokacin zuwa da na tashi. Abu na farko bakinsa: abin da ya gani a karne ba ya kai shi fada. Masu wayar haƙori duk bayan mako huɗu zuwa shida suke dawowa, ya rubuta randebu kafin su fita, ya kira iyaye ana gobe. Ya san wanda ba ya bin layi: kumburin fuska da zazzaɓi, jinin da ya ƙi tsayawa bayan cirewa, da ƙaramin yaro ramamme mai gyambon dasashi da warin baki da kumburin kunci. Wannan na iya zama cutar da ake kira noma, cikin kwanaki yake cin fuska. A Disambar 2023 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Kuma in ya ga mutanen wajen Tibiri da jajayen haƙora kada ya ce ƙazanta ce ko goro, yawan fulorayid ne a ruwan da suka sha suna yara.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Majo, in ta koma ɗakin wanki, wa zai tsaya wa Dokta?

Majo: Ku rage mutanen safe na ɗan lokaci, manyan ayyuka a mayar da su yamma. Da safe tana wanki, da yamma ta tsaya ta riƙe bututun yawu kawai, kada ta miƙa komai sai ta iya jera farantin cirewa ba ta dubi hoto ba. Ki turo mini hoton injinku in ga ko wane iri ne.