Abin da muka tattaro kan shafukan "zuba ka kwashi riba"

Bayan rushewar CBEX, wani shafin zuba kuɗi na intanet, a watan Afrilun 2025, mun zauna da wasu masu POS da 'yan kasuwa, ga abin da aka fi nanatawa.

Duk harkar da ribarta ta dogara da ka kawo sabon mutum, kuɗin sababbin shiga ake biyan waɗanda suka riga su shiga da shi. Haka MMM, wata harkar zuba kuɗi irin wannan, ta yi har ta kulle asusun mutane a Disambar 2016. Kafin ka tura ko sisi, duba ko kamfanin yana da rajista da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kaɗai ba lasisin karɓar jari ba ce.

Inda aka fi zafafa shi ne kan manhajojin tura kuɗi. Asusu ɗaya ya riƙa karɓar dubu hamsin-hamsin daga ɗaruruwan mutane a wuni guda, a kwashe cikin dare, ai na'urarsu tana gani. Tunda suna riƙe da BVN da NIN, ya kamata su dakatar da asusun, su sanar da EFCC. A ganina nan ne babban nauyin yake.

Wanda aka riga aka damfara kuma, ya adana rasit, ya kai ƙorafi bankinsa a ranar.