Wa ya fara koyon kiɗa ko wasa a gidan matasa? Ku ba mu labari

Mai tambaya, Yamai:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ɗan shekara 15 ya mato kan kiɗa, baba ya ce roƙo ne ba a gidansa ba, ni kuma ina ganin yaron na da hannu, har kwanukan inna bai bari ba. Ina son in kai shi cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya lokacin bakans. Ku da kuka bi ta irin waɗannan gidaje, mi kuka samu?

Mai gitar, Yamai:
Kai shi yayana, kar ka ji komi. Ni can na fara taɓa gitar ta gaskiya, da can gwangwani ne da wayar birki. Abin da ya fi kama ni ɗakin kayan kiɗan gargajiya ne, gurumi, goge, kalangu, har da biram na Buduma wanda marigayi Malam Maman Barka ya je ya koyo daga bakin tafkin Cadi don kar ya ɓace, ranar da na gan shi na gane kiɗa ilimi ne, yana da malamai kamar lakkol. Ka ja baba ya gani da idonsa.

'Yar tiyatir, Tawa:
Ni a gidan matasa na MJC Albarka Tchibao na fara, mushenmu ne ya tara mu wasan kwaikwayon ƙarshen shekara. Wallahi ko gaisuwa ban iya yi da ƙarfi a lokacin, sai wani dattijo da ya yi wasa tun zamanin samariya ya aika ni can ƙarshen fili ya ce ɗiyata ki yi magana sai na ji ki daga nan, kullum da marece haka, wata guda muryata ta buɗe. Innata ta hana ni da farko, ranar wasan ta zo ta zauna baya da lulluɓinta, da muka koma gida ba ta ce komi ba, amma washegari ita ta tashe ni zuwa repetisiyon.

Mai zane:
Gaskiya ba duka ba ne daɗi. Inda na fara fenti babu, takarda babu, kuran ya ɗauke a watse. Amma bango aka ba ni na zana, kuma nan mai shago na farko ya gan ni ya ba ni aikin allo, jika 5.

Mai gitar:
Ƙanwata ta Tawa, maganar inna ta taɓa ni. Mu ma sai da muka hau dandalin CCOG, cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda da ke Yamai, tsohona ya daina ce mani maroƙi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Jibi zan je in tambayo kuɗin rajista, baba kuma sai na bi ta hannun kawu, shi kaɗai yake jin maganarsa.