Kwana uku a Dakar tare da dattijo: ina da ina ya kamata mu je?

Ɗan Mokoyo:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Cikin watan Fabrairu mai zuwa, in Allah ya yarda, zan raka mahaifina ziyara Kaulaha a ƙasar Senegal, kuma bisa yadda tikitinmu ya kasance, za mu yi kwana uku cur a Dakar kafin mu juyo Yamai mu kamo hanyar Maraɗi. Daga ni har shi babu wanda ya taɓa ganin teku, domin ruwa mafi girma da idona ya sani shi ne tafkin Madarunfa, sai kogin Isa da nake leƙawa daga kan gada idan na je Yamai. Baba ya haura shekara 70, gwiwarsa ba ta son hawa, kuma ba ya jure wurin da zai sa salla ta kuɓuce masa. Guzurinmu ma daidai talaka ne. Waɗanda suka san garin, don Allah ku nuna mini wuraren da suka cancanci a kai dattijo, da waɗanda sunansu ya fi ganinsu daɗi.

Tsohon Ɗalibi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi shekara 5 ina karatu a jami'ar Sheikh Anta Diop, don haka bari in fara da yadda garin yake zaune, domin shi zai tsara maka kwanakin. Dakar tana kan wani harshen ƙasa ne da ya kutsa cikin tekun Atlantika, ruwa ya kewaye ta ta ɓangare uku, hanyar shiga da fita kuwa ƙunci gare ta. Saboda haka cunkoson motoci ke cinye yinin baƙo. Filin jirgin sama na Blaise Diagne ma, wanda aka buɗe a ƙarshen 2017, yana wajen gari da nisan kilomita kusan 50. Kada ka haɗa wurare biyu masu nisa da juna a rana ɗaya. Ka kuma mayar da agogonka baya da awa ɗaya, domin muna gabansu.

Idan wuri ɗaya kawai za ku je, to ya zama tsibirin Gore. Ana shiga jirgin ruwa a tashar da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kuma tafiyar ba ta wuce minti 20 ba, ga kujeru, ga inuwa, babu abin da zai wahalar da Baba. Ku riƙe takardunku a hannu, domin kuɗin shiga na ɗan Afirka daban yake da na Bature. Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, babu mota ko ɗaya a cikinsa, sai lunguna masu rairayi da tsofaffin benaye ja da rawaya da furanni ke zubowa ta kan katangunsu. Turawan Fotugal da na Holand da Ingilishi da Faransawa duk sun riƙe shi a zamuna daban-daban, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978.

Abin da ake zuwa gani shi ne Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1776. A sama akwai ɗakuna masu faɗi da iska inda masu gidan suke zama, a ƙasa kuwa ɗakuna ne masu duhu, an ware na maza da na mata da na yara. Akwai wani kurkuku a ƙarƙashin matakala da babba ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Daga nan wani siririn zaure ya miƙe har zuwa ƙofar da ta buɗe kai tsaye kan duwatsu da ruwa, ita ake kira ƙofar da ba a dawowa. Masana tarihi sun yi saɓani a kan yawan mutanen da aka fitar ta wannan gida, da yawansu na ganin wasu tashoshin gaɓar teku sun fi Gore fitar da bayi nesa ba kusa ba. Na faɗa maka wannan ne don kada ka ɗauki kowane adadi da ɗan jagora ya ambata tamkar aya, amma saɓanin bai rage nauyin da mutum ke ji a ƙirjinsa idan ya tsaya a bakin ƙofar nan ba. Ba a buɗe gidan ranar Litinin, kuma ana rufewa da tsakar rana, don haka ku kama jirgin safe.

Akwai abin da ya shafe mu ƴan Nijar kai tsaye, wanda ƴan jagora ba su cika ambata ba sai an tambaya. A wannan tsibiri makarantar horon malamai ta William Ponty ta zauna daga 1913 zuwa 1937, kuma ita ce ta yaye Bubu Hama da Diori Hamani. Ka sa a nuna wa Baba ginin. Akwai kuma tsohon masallacin dutse a gindin tudun tsibirin, daf da ruwa, inda za ku yi azahar ba tare da gaggawa ba.

Hajiya ta Bagalam:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan rakiya. Abin da Tsohon Ɗalibi ya faɗa a kan Gore gaskiya ne, amma ni da nake zuwa saro atamfa da turare, shawarata ita ce ka bar wa tekun kansa yini guda, domin mutumin Maraɗi bai yi wannan doguwar tafiya don ya kalli gine-gine kaɗai ba.

Bayan la'asar ka ɗauki tasi ku bi titin gaɓar teku na yamma zuwa Sumbejun. A lokacin ne masunta ke dawowa. Za ka ga dogayen kwalekwale masu fenti kala-kala, an rubuta sunayen shehunai da na iyaye mata a jikinsu, suna hawa igiyar ruwa suna sauka, sai matasa su shiga ruwa har ƙugu su tare su, su jawo su kan rairayi a kan gungumen itace suna waƙa. Mata na tsaye da manyan robobi, ana zube kifi ana ciniki da ƙarfi cikin Wolof. Na ga kifin da tsawonsa ya kai hannun babban mutum, wanda suke kira cof, ni da na saba da tarwaɗa da ƙarfasa. Ka zaɓi wanda kake so, a gefe akwai masu gasawa, su kawo maka shi da albasa da lemun tsami. Ka nema wa Baba benci ya zauna ya kalli faɗuwar rana cikin ruwa. Sai dai wurin yana da ƙarni, kuma ƙasa a jiƙe take, kada ya sa takalmin zuwa Juma'a.

Maganar abinci kuwa, da rana ake cin cebujen, wato dafa-dukar ɓarzajjiyar shinkafa da kifi da rogo da kabeji da karas da gauta, da ɗan romon tsamiya a gefe. Idan cikin Baba bai karɓi kifi ba, ku nemi masu gashin naman da ake kira dibi. Har akwai nau'in da suke kira dibin Hausa, mai ƙuli da yaji, kuma sau da yawa idan ka yi sallama da Hausa da ita za a amsa maka. Zoɓo da kunun ƴaƴan kuka suna ko'ina. Kofin Tuba da ake sayarwa a bakin titi da kimba ake haɗa shi, shi ya sa yake da ɗan yaji a maƙogwaro.

Kuɗi ba sai ka yi canji ba, sefarmu ce suke kashewa, hasali ma hedikwatar babban bankin da ke fitar da ita a Dakar take. Amma jika ba ta da auki a can kamar a gida, musamman wajen masauki. Tasi kuwa sai an yi ciniki kafin a shiga, kuma kada kunya ta hana ka tayawa.

Malam na Zariya:

Ina ƙara wa ɗan'uwa bayani a kan masallatai, tunda ya ce Baba mai kiyaye lokaci ne. Idan Juma'a ta faɗo cikin kwanakinku, ku yi ta a masallacin Masalikul Jinan na ƴan ɗarikar Muridawa da ke unguwar Koloban, wanda aka buɗe a watan Satumba na 2019. Hasumiya 5 gare shi, kuma ciki da haraba yana ɗaukar mutum kusan 30,000. Ku je da wuri domin Baba ya sami wuri a ciki. Amma wanda ya fi zauna mini a rai ƙarami ne, a unguwar Wakam, mai dogayen hasumiyoyi biyu, an gina shi a cikin wani kwari a bakin ruwa, tudu a bayansa, jiragen masunta a gabansa, kana cikin sahu kana jin rugugin teku. Mota na sauka har kusa da ƙofa.

A saman wannan unguwa akwai tagwayen tuddai. Ɗaya yana ɗauke da hasumiyar fitilar da ke shiryar da jiragen ruwa tun 1864, ɗayan kuma a kansa aka kafa mutum-mutumin tagullar nan na farfaɗowar Afirka, mai tsawon mita 49, wanda wani kamfanin Koriya ta Arewa ya gina aka ƙaddamar a Afrilun 2010, zamanin shugaba Abdullahi Wade. Malaman ƙasar da dama sun soki aikin tun ana yin sa, wasu don siffar, wasu don kuɗin da ya ci. Ko an ajiye wannan gefe, matakala 198 ake hawa kafin a kai gindinsa, wanda gwiwar ɗan shekara 70 ba za ta gode maka a kansa ba. Ana hango shi sarai daga titi, wannan ya wadatar. Daga nan ku zarce Almadi, inda ƙasar nahiyar Afirka ta ƙare ta yamma.

Tsohon Ɗalibi:

Na yarda da Malam a kan matakalar, ko da yake kai matashi kana iya hawa ka bar Baba a inuwa, domin daga sama ana ganin garin gaba ɗaya. Na manta ban ja maka kunne a kan Tafki Mai Ruwan Hoda ba, wanda za a yi ta tallata maka. Yana da nisan kilomita kusan 35, gishirinsa ya yi yawan da masu haƙo shi sai sun shafe jiki da man kaɗe kafin su shiga, kuma a shekarun baya a can ake ƙare tseren motocin Paris zuwa Dakar da ya sha ratsa Agadas. Launin wasu ƙananan halittu ne ke kawo shi, sai rana ta take kuma da iska, sannan ambaliyar 2022 ta gusar da shi na tsawon lokaci. A kwana uku, ni ba zan sayar da yini guda a kansa ba.

Bagobiri:

Yayyena sun manta da abin da ɗan Maraɗi ba zai yafe ba, wato kokawa. Tasu suna kiranta lamb, babban filinta yana Pikin, yana cin mutum 20,000, kuma a manyan karawa an halatta naushi, abin da ba a yi a gasar takobi tamu. Kiɗa da kirari da layu da wanke jiki da ruwan magani kuwa sai ka ce a gida kake. Turmutsutsun bai dace da dattijo ba, amma da yamma za ku ga ƴan kokawa suna atisaye a kan rairayin bakin teku kyauta. Sannan ina roƙonka kada ka gwada iyon gulbi a can, domin igiyar na ja ta ƙasa, kuma an haramta wanka a gaɓoɓi da dama. In dai sai ka taɓa ruwan, ka je Ngor inda tsibiri ya kare igiyar, ka tsaya iya gwiwa.

Ɗan Mokoyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba tikiti, kwanakinmu Laraba da Alhamis da Juma'a ne, don haka Gore ta samu Laraba, Wakam da Sumbejun Alhamis, Juma'a kuma sai Koloban. Na karanta wa Baba amsoshinku bayan isha'i, bai ce komai a kan mutum-mutumin ba, tambaya ɗaya kawai ya yi, wai ko ruwan tekun yana halatta a yi alwala da shi, tunda an ce gishiri ne. Malam, na bar maka wannan.

Malam na Zariya:

Ka gaya wa Baba ruwan teku mai tsarki ne, mai tsarkakewa, alwalarsa ta inganta. Sai dai ya kurkure baki a hankali, kuma ku tafi da gorar ruwan daɗi don wanke ido.