Sabon Babur, Sabon Mahayi: Musayar Baitoci

Sabon Mahayi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya na karɓi babur ɗina, sabo fil, mai cc 150 da giya biyar. Shekara biyu ina tara kuɗinsa. Na iya keke tun ina yaro, na kuma taɓa aron babur sau biyu ko uku, amma hawan naka na kanka wani abu ne daban. Na kasa faɗinsa a zube, sai na sa shi a waƙa. Wanda zai amsa mini, don Allah ya amsa da baiti.

Da sunan Allah nake fara waƙa,
Wanda ya cika mini tsohon burina.

Na karɓi makulli hannu na rawa,
Har ina jin bugun da ke ƙirjina.

Ledar sirdi ko yage ta ba a yi ba,
Ƙanshin sabon fenti ya cika hancina.

Mita sifili ce jere reras,
Duk abin da za ta ƙirga, sawuna.

Na danna sitata ya amsa nan take,
Da murya mai sanyi a cikin kunnena.

Na matse kuloci na taka giya ɗaya,
Ta ce ƙas, na ji ta har cikina.

Na saki kulocin nan da gaggawa,
Ya zabura, ya mutu a hannuna.

Karo na biyu na sake shi sannu-sannu,
Sai ƙasa ta fara gudu ƙarƙashina.

Iska ta shigo ta hannun riga,
Ta kumbura ta kamar tanti a bayana.

Bishiyoyin da na saba wucewa a ƙafa,
Yau su ke rugowa su taryo gabana.

Giya ta uku na kai, ban ƙara ba,
Arba'in a mita, ɗari a raina.

Da dare sau uku na fito in duba shi,
Barci ya ƙi, shi kaɗai ke idona.

Ku gaya mini, ku da kuka daɗe a kai,
Haka kowa ke ji, ko dai zumuɗina?

Bakanike:

Wa alaikumus salam. Haka kowa ke ji, ƙanena. Ni da nake kwance inji kullum, har yau in na ji sabo ya tashi sai na ɗago kai. Mutuwar da ya yi maka a hannu kuwa ba komai ba ce: akwai daidai wurin da kuloci ke fara kamawa, yatsunka za su haddace shi cikin kwana kaɗan. Ga nawa:

Barka ƙanena, na taya ka murna,
Allah ya sa abin hawa ne na alheri.

Amma matso kusa in gaya maka,
Sabon inji jariri ne, ba shi da ƙwari.

Fistin da ringi da bangon silinda,
Yanzu suke gugar juna su sami wuri.

Kilomita dubun farko na tafiya,
Kar ka murɗe totur, ka rage sauri.

Kar kuma ka daskare a gudu guda,
Hau ka sauko, canza giya bisa tsari.

Jan sa a babbar giya kana rarrafe,
Shi ma cuta ne, za ka ji yana tari.

Da safe ba shi minti ɗaya ko biyu,
Mai ya zagaya ko'ina tun da fari.

Juyen mai na farko kar ka wuce lokacinsa,
Littafin babur ya faɗa, ka yi nazari.

Wani ɗari biyar ne, wani sai dubu,
Ranar ka tsaya da kanka ka ga asiri.

Ƙurar ƙarfe na ƙyalli a baƙin mai,
Kaushin da suka kankare ne, ba hatsari.

Sarƙa sabuwa na saurin sakewa,
Kar ta yi lilo, kar kuma ta yi tauri.

A yawancin irin naka, wasan sarƙa santimita 2 zuwa 3 ne in ka ɗaga ta da yatsa a tsakiya. Ka kuma bi notuna da sifana bayan 'yan kwanaki, girgiza na sassauta su.

Yaya Mai Jinya:

Na karanta baitocinka har ƙarshe,
Na yi maka murna, ƙanena, ƙwarai.

Ka ambaci leda, ka ambaci fenti,
Ka ambaci iska, ka manta da kai.

Na nemi hular kwano a waƙarka,
Na duba sama da ƙasa, babu ita sarai.

Ni aikina jinya, dare da rana,
Na ga abin da kwalta ke yi wa rai.

Ƙoƙon kai in ya gamu da titi,
Karo ne na dutse da ƙwai.

Tanki in ya lotsa ana buga shi,
Madubi in ya fashe, wani akwai.

Amma kanka ba a sayar da irinsa,
Guda aka ba ka, shi ne kaɗai.

Saka ta, ka ɗaure igiyar haɓa,
Wadda ba a ɗaure ba ado ce kawai.

Ka zaɓi wadda ta zauna daram,
Ba ta juyawa, ta kama ka daidai.

Ba tsorata ka nake yi ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a baya sun nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Ka haɗa da takalmi rufaffe da safar hannu, domin duk wanda ya faɗi, tafin hannu yake fara kai wa ƙasa.

Sabon Mahayi:

Yaya, na ji, kuma kin yi gaskiya,
Hular na kai, igiyar na lilo a wuyana.

Ban so in faɗa ba, amma bari in faɗa,
Jiya na shiga da ɗan gudu wata kwana.

Yashi ya kwanta a bakin kwalta,
Ga rami a gefe, na kafa masa idona.

Duk yadda na so in kauce masa,
Babur can ya nufa, ya ƙi jin magana.

Na damƙe birkin gaba da ƙarfi,
Taya ta zame, sanyi ya ratsa bayana.

Na kafa ƙafa, Allah ya kiyaye,
Taku biyu ya rage tsakanin rami da gabana.

Na kashe shi na zauna a gefen hanya,
Gwiwa na kaɗawa, ina jin numfashina.

Baba Tsohon Mahayi:

Alhamdu lillahi da ka tsaya a tsaye, ɗana. Na yi furfura a kan babur, kuma irin wannan kwanar ta taɓa kayar da ni, tabon na nan a gwiwar hannuna. Ka riƙe waɗannan:

Ɗana, shi babur yana bin ido,
Ka kalli rami, ramin zai taho,
Ka kalli inda kake so ka fito,
Can za ka ga ta miƙe maka, hanya.

Rage gudu tun kafin ka kai kwana,
Babur na tsaye, birki na da rana,
In ya kwanta, bar damƙa, ka tuna,
Aiki biyu ya yi yawa ga taya.

Ƙarfin tsayawa na birkin gaba,
Kar abin jiya ya hana ka taɓa,
Matse shi sannu, ka ƙara, ka duba,
Ka haɗa shi da ɗan'uwansa na baya.

Sabuwar taya ba ta da kaushi,
Fatarta sumul, ga ta da laushi,
Balle ta taka ruwa ko yashi,
Ba ta kilomita ɗari da ɗoriya.

Sassauta kafaɗa, saki hannu,
Riƙe tanki da gwiwa, bi a sannu,
Mai damƙar kai kamar ƙahon shanu,
Kokawa yake yi, ba tafiya.

Ka nemi fili inda babu mota babu yara. Ka yi ta tsayawa daga gudun 20, in ya zauna ka koma 30. Hannu ne ke koyo, kuma ba ya koyo ranar da ake buƙatarsa.

Mai Son Tarihi:

Ɗan'uwa, rashin barcinka ya tuna mini da wani. A 1885 Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ƙera babur na farko mai injin fetur. Injinsa cc 264 ne, amma ƙarfinsa rabin doki, gudunsa kusan kilomita 11 a awa.

Kai da ka hau da sitata da madubi,
Tuna da wanda ya hau shi da farko.

A Jamus ne aka haɗa shi,
Gangar jikinsa duk katako.

Tayar itace da ɗaurin ƙarfe,
Da 'yan tayoyi biyu a gefe don riƙo.

Yaro a keke zai wuce shi yau,
Amma naka ma daga can ya ɗauko.

Paul ɗan Daimler shi ya fita da shi,
Ina zato daren nan barci ya ƙi ya sauko.

Mai Jiran Nasa:

Abokina, waƙarka ta hana ni sukuni,
Ni har yau a ƙafa nake, ina bin sawunka.

Gaya mini gaskiya, bayan tsoron kwanar nan,
Daɗin na nan, ko ya gudu ya bar ka?

In yana nan, ranar da ka ƙware,
Ka ajiye mini wuri a bayanka.

Sabon Mahayi:

Ku gafarce ni, na yi shiru mako uku. Na so sai na aikata abin da kuka ce kafin in sake buɗe baki.

Na dawo da labari, 'yan'uwa,
Mita ta cika ɗari biyar jiya da rana.

Na tsuguna ana juyen farko,
Mai aikin ya karkata tasar ya nuna.

Ƙurar ƙarfe na walƙiya a baƙin mai,
Kamar taurari, yadda ka faɗa, yayana.

Muryar injin ta sauya, ta yi taushi,
Firin giya da ke mini ɓuya, mun saba da juna.

Na sami fili na yi ta birki, Baba,
Daga ashirin, daga talatin, har ya zauna.

Abokina, daɗin na nan, bai tafi ba,
Ya dai bar ihu, ya koma magana.

Ranar farko iska kaɗai nake ji,
Yanzu ina jin taya da ƙasa a jikina.

Ina jin inda injin ke son giya,
Kafin ya roƙa na ba shi, ba sai ya nuna.

Wurinka na nan, amma ka ƙara haƙuri,
Goyo sai hannu ya nuna, tukuna.

Yau da asuba na koma wurin yashin,
Na rage tun nesa, na ɗaga kaina.

Ramin na nan, ban ko gaishe shi ba,
Na kalli mafita, na fice daga kwana.

Yaya, igiya na ɗaure a ƙarƙashin haɓa,
Safar hannu ma ta shiga kayana.

Ledar sirdi ce kaɗai ta rage,
Tana zamar da ni in na ja birkina.

Ɗazu na sa hannu na yage ta,
Na naɗe ta, na cusa a aljihuna.