Neman taimako: ciro samfur daga rarrabar da ba ta cikin manhajar ƙididdiga ta R

Assalamu alaikum malamai. Ɗalibin ƙididdiga ne ni a Samaru, Zariya, kuma kwana huɗu ke nan abu ɗaya ya tsaye mini.

Ina son lambobi 100,000 na canki-canka masu bin rarrabar x²·exp(−x)/(1+x), inda x ya wuce sifili. Na haɗa umarnan R uku, runif da integrate da uniroot, don juya CDF ɗin (jimillar yiwuwa har zuwa x). Yana aiki, sai dai nawarsa ta yi yawa, batirin kwamfutata kan mutu kafin ya gama. Da na koma hanyar ɗauka-ko-watsar tsakanin 0 da 50, yawancin lambobin watsar da su yake, ga wutsiyar kuma na datse, abin da ya fi damuna ke nan.

Shin rgamma (umarnin ciro lambobi daga rarrabar gamma) zai yi a matsayin rufi, wato rarrabar da zan ɗauko lambobin gwaji daga cikinta? Yaya zan fitar da iyakar M, lambar da ake ninka rufin da ita don ya rufe rarrabar tawa? Allah ya saka da alheri.