Neman kalma: albam, kundi ko faifai? Shiri kan ƙungiyar Deep Purple

Mai Shiri: Salamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis zan naɗi shiri na minti ashirin kan Deep Purple, ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila da aka kafa a 1968, kuma gobe da yamma edita ke son rubutun. Abin da ya tsaya mini shi ne kalmar "album". Sun fitar da 23 na situdiyo daga 1968 zuwa 2024, ban da waɗanda aka naɗa a wurin wasa da waɗanda aka tsinto daga tsofaffi aka haɗa. Ina son kalma ɗaya da za ta ɗauki duka, sannan da yadda zan bambanta su, kuma wadda za ta yi jam'i ba tare da harshe ya sarƙe ba.

Ɗan Sauti: Wa alaikis salam. Albam. Haka mawaƙan Kano da Kaduna ke cewa, haka masu tura waƙa a waya ke cewa. Na situdiyo, na dandali, na zaɓaɓɓun waƙoƙi. An gama.

Edita Mai Ritaya: Kundi ya fi, kundin waƙoƙi, jam'i kundaye. Albam ba shi da jam'i mai daɗin ji, sai dai ki ce albam-albam. Kuma tarihin abin yana bayan kundi. Kafin 1948 faifan garmaho mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da minti uku zuwa biyar a kowace fuska, saboda haka kamfanoni kan zuba fayafai da yawa cikin wani abu mai kama da littafin ajiye hotuna su sayar da shi gaba ɗaya. Daga nan sunan ya fito. Da kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai inci 12 da juyi 33 da sulusi, wanda ke ɗaukar minti ashirin da 'yan kai a fuska guda, littafin ya ɓace amma sunan ya zauna. Tarin abubuwa a bango ɗaya, ai kundi ke nan.

Tsohon Faifai: Me ya hana a ce faifai kawai? Mu haka muka tashi muka ji.

Ɗan Sauti: Baba, faifai zai ba ta matsala a wuri biyu. Made in Japan albam ɗaya ne amma fayafai biyu ne a ciki, fuska huɗu, waƙa bakwai, ta ƙarshen ta cinye fuska ta huɗu ita kaɗai kusan minti ashirin. In ta ce "faifan Made in Japan" sannan ta ce "faifai na biyu", mai sauraro zai zaci wani aiki ne daban. Ga shi kuma yanzu ko ɗan bidiyon daƙiƙa talatin na WhatsApp "faifan bidiyo" ake ce masa. A bar faifai ga baƙin farantin da allura ke bi.

Malam Nahawu: Duk kun bar kalma a gida kun tafi aro. Dami. Damin waƙa. Manomi ya yi shekara yana aiki, ya yanke, ya ɗaure, ya kai rumbu. Jam'i dammuna. "Sun ɗaure dami ashirin da uku." Kundi na takarda ne, na tsarin mulki da na digiri. Albam kuwa ba ma sai na yi magana ba, kasala ce kawai.

Badamagariya: Allah gafarta Malam, in aka ce "sabon damin Deep Purple ya fito" a rediyo, mutanen karkara za su tambayi farashinsa a kasuwar hatsi. Mu nan Nijar ma albom muke ji a bakin matasa, daga Faransanci. Kalmar da aka sani daga Damagaram har Zariya ba a ce mata kasala.

Malam Nahawu: Hajiya, da haka harshe ke mutuwa. Yau albam, gobe a ce ma waƙa "song" irin na Turanci. Jirgin sama da na ƙasa ba mu ne muka raɗa musu suna daga jirgin ruwa ba? Wa ya yi dariya?

Edita Mai Ritaya: Mota da rediyo da tebur fa, Malam? Su ma kasala ce? In ana son kalma mai daraja akwai diwani, amma a jami'a an riga an ba shi aiki: matanin waƙoƙi da aka rubuta a littafi. Shi ma daga Larabci yake, ban ji kana ƙorafi a kansa ba.

Malam Nahawu: Aron Larabci ya shekara ɗaruruwa a bakinmu, ya zama ɗan gida. Kuma ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake wahalar da Hausa saboda masu kiɗan hayaniya, alhali makaɗanmu na fada da na noma nawa ne aka tsara ayyukansu da shekara da shekara haka?

Mai Shiri: Wannan magana ce mai kyau Malam, amma ta wani shirin ce. Ku taimaka mini da rabe-raben, lokaci na tafiya.

Ɗan Sauti: To Yaya, ga wuraren da ake zamewa.

Kada ki ce "kai tsaye" ga wanda aka naɗa a wurin wasa. Kai tsaye a rediyo na nufin abin na faruwa yanzu. Made in Japan an naɗe shi a dare uku, 15 da 16 ga Agusta 1972 a Osaka, 17 ga wata a Tokyo, aka zaɓi waƙoƙin da suka fi fita aka haɗa, ya fito a ƙarshen shekarar. Ki ce "na dandali" ko "wanda aka naɗa gaban 'yan kallo". Haka ma wanda suka yi a zauren Royal Albert Hall na Landan a 1969 tare da ƙungiyar makaɗan goge da busa, na dandali ne, shi ya sa ba ya cikin lissafin 23 ɗin.

Na situdiyo kuma kada ki fassara shi da "na ɗakin naɗa", domin albam ɗinsu Machine Head zai ƙaryata ki. A Disamba 1971 suka je Montreux a Suwizalan da niyyar yin aikin a gidan cacan garin, da motar naɗar sauti ta ƙungiyar Rolling Stones. Ranar 4 ga wata gidan ya ƙone ana tsakiyar wasan mawaƙi Frank Zappa. Daga baya suka koma wani otal da ke rufe saboda hunturu, Grand Hotel, suka jera kayan kiɗa a farfajiyar ɗakuna, wayoyi suka bi har cikin motar a waje. Babu situdiyo ko ɗaya, amma ana ƙirga shi cikin na situdiyo, don abin da ake nufi shi ne sababbin waƙoƙi, babu 'yan kallo, ana iya maimaitawa har a gamsu. Waƙarsu da aka fi sani, Smoke on the Water, labarin wannan gobarar ce, kuma ita ce ta farko a fuska ta biyu.

Sannan sunan Machine Head kansa, kada wani ya sa ki ce "Kan Inji". Kunnen da ake murɗawa a wuyan jita don ɗaure tsirkiya ake kira haka. Ki bar sunayen yadda suke, ki yi bayani a jimla ɗaya in da bukata.

Badamagariya: Ƙari a kan wannan: akwai bambanci tsakanin sake tace sauti da sake haɗa shi. Na farko, an ɗauki aikin da aka riga aka haɗa an goge shi, an daidaita ƙararsa. Na biyu, an koma kan zaren naɗin sauti na asali inda murya da jita da ganguna kowanne ke layinsa, an sake auna su. Bugun cika shekara 25 na Machine Head da ya fito a 1997 yana da duka biyun, Roger Glover mai jitar bes ne ya yi sabon haɗin. Ko wanne aka yi, ba sabon albam ba ne, sabon bugu ne. Kada ya shiga ƙirge.

Edita Mai Ritaya: Ga kuma abin da suke kira "Mark" na ɗaya, na biyu, wato jerin mutanen da ke cikin ƙungiyar a kowane lokaci. Ki ce sahu. Sahu na biyu shi ne Gillan da Blackmore da Glover da Lord da Paice, su suka yi In Rock a 1970 har zuwa 1973. Burn na 1974 sahu na uku ne, da David Coverdale da Glenn Hughes. Sun watse a 1976, sahu na biyu ya dawo a 1984 da Perfect Strangers. Ian Paice mai ganguna ne kaɗai ke cikin kowane sahu. Na 2021, Turning to Crime, waƙoƙin wasu ne suka maimaita, amma ana ƙirga shi cikin na situdiyo.

Tsohon Faifai: Na 2024 ɗin fa? Na ga alamar lissafi ce da lamba ɗaya. Yaya za ta karanta shi?

Ɗan Sauti: =1 ake rubutawa. Ta faɗe shi da Turanci sau ɗaya, ta ce ma'anarsa "daidai yake da ɗaya", ta wuce.

Malam Nahawu: Sahu na yarda da shi, na dandali ma ba laifi. Amma har yanzu babu wanda ya kawo hujjar da ta kayar da dami, dariya kawai aka yi. Damin situdiyo, damin dandali. Ku faɗa sau uku ku ji yadda yake zama a baki.

Badamagariya: Hujjar ita ce shirin minti ashirin ne, Malam. In ta kashe biyu wajen bayanin dami, gobarar Montreux za a yanke.

Mai Shiri: Na gode ƙwarai. Ga yadda na rubuta: a farko zan ce "kundin waƙoƙi, wato albam", daga nan kundi da kundaye har ƙarshe. Kundin situdiyo, kundin dandali, kundin zaɓaɓɓu, sabon bugu, sahu. Faifai sai inda nake maganar farantin kansa da fuskokinsa. Sunan salon kiɗan nasu ban samu abin da ya gamsar da ni ba, "ƙarfe mai nauyi", wato fassarar "heavy metal", ba ya nufin komai da Hausa, don haka na sa "kiɗan rok mai zafi" na ɗan lokaci.

Ɗan Sauti: Mai zafi zai sa a zaci mai sauri ne, alhali wasu waƙoƙin nasu a hankali suke tafiya, nauyin jita da ogan ne ke danne kunne. Kuma ina nan a kan albam, kafin minti na biyar bakinki zai koma can da kansa.

Malam Nahawu: Kundi ya fi albam dai, ko ba komai. Dami kuma na rubuta shi na ajiye, in an zo maganar ƙamus zan sake kawo shi. Shi wancan kiɗan ku kira shi kiɗan maƙera.

Edita Mai Ritaya: Maƙera suna da nasu kiɗan tun kafin a haifi Blackmore, Malam, kada ka jawo mana rigima da su. A buɗe wa wannan zare daban.